Ka Cire Kanka Daga Rukunin sudo: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Koma Ciki?

Ranar wata Laraba bayan la'asar, wani ɗalibina ya shigo ɗan wurin koyar da kwamfuta da nake da shi a wajen Kabuga, riƙe da laftof mai Linux, fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Malam, kwamfutata ta ce ba ta san ni ba." Na karɓa na duba. Akawun ɗinsa yana buɗewa lafiya lau, amma duk umarnin da ya rubuta da sudo a gaba, wato kalmar da ke ba umarni ikon gudanarwa a Linux, sai ta ce masa sunansa ba ya cikin sudoers, wato jerin waɗanda aka ba wannan iko. Ba ya iya ɗora manhaja, ba ya iya sabunta komai, ga aikin kammala karatunsa na watanni a ciki. Na tambaye shi abin da ya yi na ƙarshe. Ya ce daren jiya yana ɗora wata manhaja mai suna Docker, ya rubuta `sudo usermod -G docker` ya bi shi da sunansa, ya kashe ya kwanta.

Harafi ɗaya ya bari, wato a. Idan ka rubuta `-aG`, kana cewa a ƙara ka cikin wannan rukuni a kan waɗanda kake ciki. Idan ka rubuta `-G` kaɗai, ka ce a fitar da kai daga duk sauran rukunonin, a bar ka cikin wannan kawai. A Ubuntu, tun daga fitowar 12.04 a shekarar 2012, rukunin da ke ba mutum ikon gudanarwa shi ne sudo, a Fedora da danginta kuma wheel ake ce masa. Ubuntu tana zuwa da akawun ɗin root, wato babban akawun mai iko da komai, a kulle, ba shi da kalmar sirri. Saboda haka wanda ya fitar da kansa daga sudo ya zama baƙo a gidansa: zai shiga zaure ya zauna, amma makullan ɗakuna suna ciki.

Kafin ya iso wurina har wani ya ba shi shawarar fomatin. Wannan shawara ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin 'yan layuka ne kawai suka lalace a cikin fayil ɗin /etc/group, inda ake rubuta 'yan kowane rukuni, kuma akwai hanyoyi huɗu na gyara su kafin a kai ga goge kwamfuta.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko kuɗi, kuma a nan har da data da kuɗin adaidaita sahu, ba kuɗin mai gyara kaɗai ba. Na biyu sauƙi: mutum zai iya shi kaɗai da waya a hannu yana karantawa, ko sai da wanda ya ƙware? Na uku haɗari ga fayilolinka, wanda a wurina ya fi duk sauran nauyi, don kuɗi ana samun wasu amma rubutun shekara guda ba ya dawowa. Na huɗu ɗorewa: hanyar za ta sake yi maka amfani gobe, ko ta yau ce kawai? Sai tambayoyi biyu da suke yanke hukunci tun kafin a fara: kwamfutar tana gabanka ko tana wata ƙasa, kuma faifan ajiyarta a rufe yake da kalmar sirri ko a buɗe?

Duk wannan magana a kan kwamfutarka ce, ko wadda mai ita ya ba ka amana. Idan ta ofis ce mai ma'aikacin da ke kula da ita, shi za ka kira.

Kafin komai: ka fita daga akawun ɗin ko ba ka fita ba?

Canjin rukuni ba ya kama mutum sai ya fita ya sake shiga. Idan ka ankara da kuskuren nan take, ga Terminal ɗin, wato tagar rubuta umarni, a buɗe, sau da yawa sudo zai ci gaba da amsa maka. Kada ka kashe, kada ka bari caji ya ƙare. Rubuta `sudo usermod -aG sudo sunanka` yanzu, da sunan akawun ɗinka a madadin sunanka, ka tabbatar da `getent group sudo` cewa sunanka ya koma. Ɗalibin nan da ya lura a daren, da minti ɗaya ya ishe shi.

Hanya ta ɗaya: wani akawun mai ikon gudanarwa

Idan akwai mutum na biyu a kwamfutar da ke cikin sudo, an gama. Ya shiga ya mayar da kai, ko kai ka rubuta `su - sunansa` ya sa kalmar sirrinsa, sannan a buga umarnin da ke sama. Ba kuɗi, ba kashewa da kunnawa, ba a taɓa fayil ko ɗaya. Ita kaɗai ce kuma ke aiki daidai ko kwamfutar tana gabanka ko tana nesa.

Illarta ɗaya: sai an tanade ta tun kafin matsalar. Yawancin laftof ɗin ɗalibai da na ƙananan shaguna akawun ɗaya ne da su. A wurina yanzu kowace kwamfuta tana da akawun na biyu da ba a aiki da shi, kalmar sirrinsa a rubuce a takarda, takardar tana cikin durowar da nake kullewa. Na ɗauki wannan ɗabi'a ne bayan da ni ma na kwana biyu ina fama da wata kwamfuta da ke riƙe da rajistar ɗalibai.

Wasu za su ce maka ka gwada pkexec, wani umarni mai aiki irin na sudo. A Ubuntu shi ma 'yan rukunin sudo yake nema, don haka idan kai kaɗai ne a ciki kuma ka fita, ba zai yi maka komai ba.

Hanya ta biyu: tashin gyara daga GRUB

Wannan ce na bi da ɗalibin, kuma ita nake fara ba kowa shawara idan Ubuntu ce ko Linux Mint kuma na'urar tana hannu. Ka kashe ka kunna. Tana fara tashi ka danne Shift idan tsohuwar kwamfuta ce mai BIOS, ko ka riƙa taɓa Esc idan sabuwa ce mai UEFI. Jerin GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, zai fito. Ka zaɓi Advanced options, sannan layin da ya ƙare da recovery mode, a jerin da zai biyo baya ka sauka kan root ka danna Enter. Za ka ga baƙin allo da alamar #. A nan kai ne mai gida.

Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, domin faifan yakan tashi a yanayin karantawa kawai, sai su buga gyaran ya ƙi, su ɗauka hanyar ba ta aiki. Fara da wannan:

`mount -o remount,rw /`

Sannan, kafin ka gyara komai, ka tsaya ka yi abin da ba a cika faɗa ba. Duk lokacin da aka canza /etc/group, tsarin yana ajiye kwafin yadda yake kafin canjin a wani fayil mai suna /etc/group- mai ɗan karan layi a ƙarshe. Rubuta `grep sunanka /etc/group-` ka ga duk rukunonin da kake ciki kafin ɓarnar. Ka kwafe su a takarda ko ka ɗauki hoton allon da waya. Dole ka fara da wannan, don da zarar ka sake buga usermod, sabon kwafi zai hau kan tsohon. Idan ka riga ka makara, leƙa /var/log/auth.log, usermod yana rubuta sunan kowane rukuni da ya fitar da kai daga ciki.

Dalilin wannan wahala shi ne, mayar da sudo kaɗai bai sa tsugune ta ƙare ba. Mutum na farko a Ubuntu yana cikin adm da cdrom da dip da plugdev da lpadmin ma. Ka bar lpadmin, ranar da za ka saita firinta ta ƙi ka. Ka bar adm, ka kasa karanta bayanan da tsarin ke rubutawa. Mai shagon buga takardu da ya dawo da sudo kaɗai zai yi sati yana zargin firintarsa. Don haka:

`usermod -aG sudo,adm,cdrom,dip,plugdev,lpadmin sunanka`

Ba tazara bayan waƙafi. Sai `reboot`. Da ɗalibin nan, daga kashewa zuwa dawowa ba mu kai minti goma ba, mafi yawansa ma a neman lokacin danna Esc ya tafi, don sau biyu tana wuce mu. Da ya rubuta `id` ya ga sudo a jere, sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Malam, wallahi har na haƙura da aikin nan."

Kuɗinta sifiri ne, ba ta buƙatar intanet. Haɗarinta kaɗan ne matuƙar ka rubuta abin da ka zo yi kaɗai ka fita, amma ka tuna root ba ya tambayar ka ko ka tabbata. Inda take gazawa: idan an taɓa sa wa root kalmar sirri za a tambaye ka ita. A Debian, idan root a kulle yake, tashin gyaran zai ƙi buɗe maka gaba ɗaya. A irin wannan hali ana danna e a kan layin GRUB, a ƙara `init=/bin/bash` a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna Ctrl da X. Yana aiki, sai dai ya fi tsauri, kuma a Fedora akwai ƙarin aikin SELinux, tsarin tsaronta, bayan gyaran. Wanda bai saba ba, gara ya wuce hanya ta uku. Idan faifan a rufe yake da LUKS, wato tsarin rufe faifai da kalmar sirri na Linux, za a nemi kalmar buɗe shi kamar kullum, idan ka san ta ba wata matsala.

Hanya ta uku: tayar da kwamfutar daga filash

A nan kana tayar da wata Linux daga filash, ka buɗe faifan kwamfutarka daga waje, ka gyara. Ita ce ta fi kowace ƙarfi, don ba ruwanta da kalmar sirrin root ko irin Linux ɗin da ke ciki. Kuma tana ba ka abin da sauran ba sa bayarwa: kafin ka taɓa komai za ka iya kwashe fayilolinka zuwa wani wuri.

Amma tana cin kuɗi da lokaci. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya haura giga 5, don haka filash mai giga 8 shi ne mafi ƙanƙanta, ga data, ga buƙatar wata kwamfutar da za a rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher. Filash ana samu a Farm Centre da titin Beirut, sai dai ka gwada shi kafin ka dogara da shi, don filash na jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, ya lalace a tsakiyar aiki. Idan kana da aboki a BUK ko Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil mai karanta kwamfuta, tambaye shi tukuna, da wuya a rasa mai irin wannan filash a aljihu.

Wajen tashi, HP yawanci F9 ne, Dell da Lenovo F12. Ka zaɓi gwada Ubuntu, ba ɗorawa ba. Nan ne haɗarin hanyar yake: zaɓin gwadawa da na ɗorawa a allo ɗaya suke, kuma wanda ya bi na ɗorawa yana danna gaba gaba zai iya share faifansa da hannunsa. Ka buɗe Terminal, ka rubuta `lsblk` ka gane ɓangaren da tsarinka yake, yawanci shi ne mafi girma, irin /dev/sda2 ko /dev/nvme0n1p2. Sannan, da sunan naka ɓangaren a madadin /dev/sda2:

`sudo mount /dev/sda2 /mnt`
`sudo chroot /mnt`

Daga nan ka duba /etc/group- ka buga usermod kamar yadda ya gabata da sunayen rukunonin da ka gani a ciki, ka rubuta `exit`, ka kashe, ka zare filash. Idan Ubuntu Server ce da aka ɗora da tsarin raba faifai na LVM, ɓangaren yakan zama /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. Mai LUKS sai ya fara buɗewa da kalmar sirrinsa.

Wani abu da na sha gani a Kano: laftof na hannu da aka shigo da su daga kamfanonin waje, wasu suna zuwa da kalmar sirri a BIOS wadda mai sayarwa ma bai sani ba. Irin waɗannan sukan ƙi tashi daga filash. Ka gwada taka tun lafiya lau. Kuma idan batirinka ya mutu, kada ka fara aikin sai kana kan sola ko janareta, don a ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu a faifai, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya.

Ta fuskar ɗorewa ita ce kan gaba. Filash ɗin da ka haɗa yau zai cece ka ranar da GRUB ya lalace, da ranar da ka manta kalmar sirri.

Hanya ta huɗu: idan saba ce da ke nesa

Masu haɗa shafuka da manhajojin makarantu da shaguna a garin nan da yawa suna hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, a Turai ko Amurka. A can matsalar ta fi muni, domin idan an sa `AllowGroups` a cikin /etc/ssh/sshd_config kuma ka fita daga rukunin da aka lissafa, ba sudo kaɗai ka rasa ba, ƙofar SSH ɗin da kake shiga da ita daga nesa ce ta rufe. Ba Shift, ba filash.

Abin da ya rage shi ne shafin kamfanin da ka yi haya. DigitalOcean yana da allon shiga ta burauza da hanyar sake wa root kalmar sirri, da kuma faifan ceto. Hetzner yana da nasa tsarin ceto da saba ke tashi a kai, daga nan aikin ya zama daidai da na filash. A AWS ana tsayar da sabar, a cire faifanta a maƙala wa wata, a gyara, a mayar. Kuɗin ba shi da yawa, asarar tana cikin lokacin da shafin zai yi a kashe, kwastomomi suna kira. Ka ɗauki kwafin faifan daga shafin kamfanin kafin ka fara. Kuma duk ranar da za ka taɓa rukuni a saba, ka bar taga ɗaya ta SSH a buɗe, ka gwada shiga ta taga ta biyu kafin ka rufe ta farko.

Wani ɗan abin lura ga wanda kuskurensa ya bar shi cikin rukunin docker: wannan rukuni daidai yake da root a ƙarfi, Docker da kansu sun yi gargaɗi a kai. Wanda ya iya zai haɗa tushen faifan cikin kwantenar Docker ya mayar da kansa sudo ba tare da kashe saba ba. Mafita ce mai kyau ga gwani, kuma dalili ne na kada ka sa kowa cikin docker sai wanda ka yarda ya riƙe makullin gidan duka.

Hanya ta biyar: mai gyara, da fomatin

Ba na raina masu gyara, akwai gwanaye a garin nan da na koyi abubuwa a wurinsu. Amma yawancin aikin da ke zuwa musu na Windows ne da na waya, kuma wanda bai saba da Linux ba, abin da ya fi masa sauri shi ne ya goge ya ɗora sabo. Wata 'yar'uwa ta taɓa kai tata wani shago kan irin wannan matsala, ta dawo da sabon Windows, bayanan cinikin atamfa na shekara biyu sun tafi. Garin neman gira aka rasa ido, har yau abin yana yi mini ciwo.

Idan dole ka kai, ka yi tambaya ɗaya kafin ka miƙa: "Oga, za ka iya mayar da ni cikin sudo ba tare da an goge komai ba?" Wanda ya gane tambayar zai gama a gabanka. Wanda ya ce ka bari ka dawo gobe, ɗauki kayarka. Kada ka bar kwamfuta mai faifai a buɗe ta kwana a hannun wani, duk abin da ke ciki ana iya karantawa. Kuɗin aikin ciniki ne, ku yanke shi tun farko.

Fomatin yana da wurinsa guda ɗaya: sabuwar ɗorawa ce, ba komai a ciki, kuma filash ɗin yana hannunka.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Haɗari ga fayil | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|
| Akawun na biyu | Babu | Mafi sauƙi | Babu | Kullum, in an tanada |
| Tashin gyara na GRUB | Babu | Matsakaici | Kaɗan | Kullum a Ubuntu da Mint |
| Filash | Filash da data | Yana son natsuwa | Matsakaici | Yana maganin matsaloli da yawa |
| Shafin kamfanin saba | Kaɗan, da lokacin kashewa | Ya danganta da kamfani | Kaɗan in an ɗauki kwafi | Na saba kaɗai |
| Mai gyara | Ciniki da kuɗin mota | Sauƙi gare ka | Babba in bai san Linux ba | Gobe ma sai ka koma |
| Fomatin | Filash da lokaci | Sauƙi | Komai ya tafi | Babu |

Wa ya dace da wacce

Ɗalibi ko ma'aikaci mai laftof ɗaya da Ubuntu ko Mint, tashin gyara na GRUB ne naka, ka yi shi yau, kada ka manta da duba /etc/group- da farko. Mai Debian ko Fedora, ko wanda aka sa wa root kalmar sirrin da ya manta, nemi filash. Wanda ke da abin da ba zai iya asararsa ba a ciki, kundin digiri ko lissafin shago, kuma ba shi da kwafi a ko'ina, shi ma filash, ko da GRUB zai yi masa aiki, domin ya fara kwashe fayilolin kafin ya gyara.

Mai wurin buga takardu ko makaranta mai kwamfutoci da yawa da yara ke taɓawa, akawun na biyu a kowace ɗaya da filash guda a durowa, kuma ɗalibai su yi aiki da akawun marar sudo. Mai saba a waje, ka shiga shafin kamfaninka tun yanzu ka gano inda allon ceto yake, ka kuma sa abokin aikinka ɗaya a sudo da makullinsa na SSH daban. Wanda baƙin allo ke tsorata shi har hannunsa na rawa, ya kai wa mai gyara, amma ya tsaya a kansa har a gama.

Masu Windows da suka cire kansu daga rukunin Administrators, irin wannan ciwo ne: wani admin zai mayar da ku da `net localgroup Administrators sunanka /add`, idan kuma babu ko ɗaya, akawun ɗin Administrator na asali yakan bayyana a Safe Mode. Sai dai idan BitLocker, mai rufe faifai a Windows, yana kunne, ku nemo lambobin nan 48 na buɗe shi kafin ku fara, galibi suna cikin akawun ɗinku na Microsoft.